Asalin Kalma: Bit

Kalmar "bit" daga Turanci ta fito, dunƙulen kalmomi biyu ce, "binary digit", wato lambar da ba ta wuce sifili ko ɗaya. John Tukey, masanin lissafi ɗan Amurka, shi ya ƙirƙiro ta, Claude Shannon kuma ya fito da ita fili a maƙalarsa ta 1948.

A harkar hoto ne aikinta ya fi burge ni. Kowane ɗigo na hoton baƙi da fari yakan ɗauki bit 8, abin da ke ba da matakan haske 256. Ana iya raba hoton hawa-hawa har 8, kowane bit da hawansa: hawan sama ke riƙe da siffa da inuwa, na can ƙasa kuwa tsaki ne wanda da ƙyar ido ke lura da shi. Tsarin JPEG 2000 yakan fara adana hawa masu muhimmanci, don a iya yanke sauran, nauyin hoto ya ragu ba tare da ya ɓaci sosai ba.

Kada dai a rikita "bit" da "bayit". Bit 8 ke yin bayit guda, kuma da bayit ake auna datar da muke saya a waya.