Tabar Wiwi a Madadin Ƙwayoyin Kashe Raɗaɗi: Ina Hujjar Take?

A shekarar 2014 Marcus Bachhuber da abokan aikinsa suka wallafa wani nazari a mujallar JAMA Internal Medicine. Sun duba alƙaluman Amurka daga 1999 zuwa 2010, suka ga cewa a jihohin da suka halatta tabar wiwi don magani, mace-macen da shan ƙwayoyin dangin ofiyom fiye da kima ke haddasawa sun yi ƙasa da kusan kashi 25 cikin ɗari. Masu fafutukar halatta wiwi suka riƙe wannan sakamako hannu bibbiyu. A 2018 har jihar Illinois ta yi dokar da ta ba majiyyaci damar karɓar wiwi a madadin waɗannan ƙwayoyi.

Matsalar ita ce, alƙaluman jiha ba sa bayyana halin mutum ɗaya. Nazarin bai nuna cewa waɗanda suka tsira su ne masu shan wiwin ba. A 2019 Chelsea Shover da tawagarta a Jami'ar Stanford suka maimaita lissafin bisa tsari ɗaya, suka kai shi 2017, sai reshe ya juye da mujiya: mace-macen a irin waɗannan jihohi sun ɗara na sauran da kusan kashi 23. Ba su ɗora wa wiwi laifi ba, sun ce tun farko alaƙar ta dace ce kawai. A cikin shekarun da aka ƙara a lissafin ne fentanil, wata ƙwaya mai ƙarfi ta dangin ofiyom, ya mamaye kasuwar bayan fage.

Hujjar da ta fi nauyi a wurina ta fito daga Ostareliya, inda Gabrielle Campbell da abokanta suka bi majiyyata kusan 1,500 masu ciwo mai naci tsawon shekara huɗu. Rahotonsu na 2018 bai samu shaidar cewa wiwi ta sassauta ciwon ko ta rage yawan ƙwayar da suke sha ba.

Gaskiya ne akwai shaidar cewa sinadaran wiwi na sauƙaƙa wa wasu manya raɗaɗi, kuma ya kamata a ci gaba da gwaji a kai. Amma sauƙin raɗaɗi daban, raba mutum da ƙwayar da ta kama jikinsa daban. Magungunan metadon da bufrenofin ne aka tabbatar suna rage mutuwa a cikin masu wannan lalura, kuma duk likitan da ya musanya su da wiwi yana wasa ne da ran majiyyacinsa.