Tarihin Zaɓa wa Yara Littattafan Karatu a Ƙasar Hausa

Zaɓa wa yaro abin da zai karanta tsohon aiki ne a ƙasar Hausa, ya girmi boko, ya girmi injin ɗab'i. Abin da ya riƙa sauyawa daga zamani zuwa zamani shi ne hannun da ke yin zaɓen. Da farko malamin allo ne, daga baya aikin ya koma wurin hukumomin gwamnati, sannan kamfanonin buga littattafai, sannan kasuwa. Kowane daga cikinsu yana da irin amsar da yake ba wa tambaya guda: wane littafi ya dace da yaro a wane mataki na shekarunsa?

A makarantar allo an daɗe da amsa wannan tambaya. Yaro yakan fara da Fatiha da ƙananan surori da ka, malam na biya masa yana maimaitawa. Daga nan a rubuta masa babbaƙu, ya san kowane baƙi da sunansa na Hausa, sai farfaru, ya koyi wasulla, har ya iya haɗa kalma da kansa. Ba ya wanke allo sai malam ya ji karatun ya zauna, don haka babu mai tsallake mataki. In ya sauke Alƙur'ani ya shiga karatun littattafai, nan ma jerin sananne ne: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, ana tafiya daga ƙarami zuwa babba. Abin nishaɗi kuwa ba a takarda yake ba. Da dare ne kaka ko goggo ke tara yara a tsakar gida ta yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ita ce ke lura da wadda ta dace da 'yan ƙanana da wadda sai waɗanda suka ɗan tasa. Wato karatu na malam ne, labari na tsofaffi mata.

Boko ya zo da wata matsala sabuwa. A 1909 Hans Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, inda ake koyarwa da Hausa cikin haruffan boko. Yara sun koyi haɗa baƙi, amma abin da za su karanta bayan sun iya bai taka kara ya karya ba. Da aka tsara makarantu zuwa elementare da midil, ƙarancin ya ƙara fitowa fili. Don haka ne aka kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda daga baya ta zauna a Zariya. Aikinta shi ne samar da littattafan makaranta ta hanyar juya su daga Larabci da Ingilishi. Cikin abubuwan da suka fito a wannan lokaci akwai Labaru Na Da Da Na Yanzu, da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda aka fassaro daga rubuce-rubucen tarihi na Larabci.

Rupert East, wanda ya shugabanci hukumar, ya lura cewa fassara kaɗai ba ta sa yaro ya ƙaunaci karatu. A 1933 hukumar ta zama Hukumar Talifi, ta kuma shirya gasar ƙagaggun labarai. East ya zagaya garuruwa yana roƙon malamai su rubuta labari daga kansu. Abin da gasar ta haifar shi ne Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Jiki Magayi kuma, wanda John Tafida ya rubuta tare da East, ya fito a lokaci guda da su. Abin lura shi ne da yawa daga marubutan nan malaman makaranta ne. Imam yana koyarwa a midil ta Katsina, Tafawa Ɓalewa a ta Bauci. Sun san abin da ke sa aji ya yi tsit, sun san kuma abin da ke sa shi ya fashe da dariya. Ramuwar gayyar da ke tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman a Ruwan Bagaja irin abin da ɗan shekara goma sha biyu ke so ne: yau wannan ya yi wa wancan, gobe wancan ya rama.

Littafin da ya fi kowane tasiri a wannan fage shi ne Magana Jari Ce. An ɗauko Abubakar Imam daga Katsina zuwa Zariya a 1936 takanas don ya rubuta littafin karatu na makarantu, aka buga shi kashi uku daga 1937 zuwa 1939. An tara masa littattafan labarai na ƙasashe daban-daban, na Larabawa da na Indiya da na Turai, ya zaɓa, ya sake musu riga, ya mayar da mutanen cikinsu Hausawa masu sarki da waziri da alkali da sarkin fawa. Dabarar da ya bi ta dace da aji ƙwarai. A kashi na farko Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ɗansa Musa yana son ya bi shi, wani aku kuwa kullum sai ya ɗauke masa hankali da labari har gari ya waye. Kowane labari gajere ne, malami zai iya gama shi a darasi guda, amma zaren da ya haɗa su yana sa yaro ya ƙosa gobe ta yi. A kashi na uku aku ne ke koya wa ɗansa Fasih dabarun ba da labari, ta haka littafin ya zama darasi a kan yadda ake magana da yadda ake tsara zance. Yaran da suka karanta shi a elementare da midil su ne suka zama malamai da ma'aikata, suka kuma miƙa shi ga 'ya'yansu. Har yau in aka tambayi dattijo wane littafin Hausa za a fara saya wa yaro, galibi shi zai fara ambata.

A 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ne editanta na farko, a 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wadan Zariya, wanda ya ba Arewa maɗaba'a tata ta kanta. Shekarun 1950 suka zo da gangamin Yaƙi da Jahilci, aka kafa hukumar NORLA, wadda ta yi aiki har 1959. Ta buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna irin su Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano da Zaruma ta Sakkwato. Duk da cewa manya aka nufa da yawancinsu, yara sun amfana, domin abin da uba ya kawo gida yaro ne ke ƙarasa karanta shi. Zuwa wannan lokaci tsanin karatun boko ya kammala. Mai farawa yana da Ka Koyi Karatu, sai Ka Ƙara Karatu, sai Ka Yi Ta Karatu, sunayen da kansu suna faɗin matakin kowane. In bakinsa ya faɗa sai a ba shi Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, labarin wani jarumi na tatsuniyoyin Rasha da aka Hausantar, wanda ya tashi ba ya iya tafiya, ya warke, ya zama barde a fadar Sarki Waldima. Akwai kuma Da'u Fataken Dare na Tanko Zango, da Nagari Na Kowa na Jabiru Abdullahi, da Tauraruwar Hamada na Sa'idu Ahmed Daura.

Bayan samun mulkin kai, zaɓen ya koma hannun kamfanoni da ma'aikatun ilimi. A 1966 aka kafa kamfanin NNPC na Zariya, haɗin gwiwa tsakanin Gaskiya da Macmillan, ya gaji tsofaffin littattafan ya ci gaba da sake buga su. Ya kuma fitar da sababbi. Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, ya ɗauki yaro mai suna Kilba ya kai shi yawo sararin samaniya, a daidai lokacin da duniya ke maganar zuwa wata. Dembo ɗin ne kuma ya rubuta Wasannin Yara. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni cikin littattafai shida don 'yan firamare, aikin da ya shigar da tatsuniyar tsakar gida cikin aji. A ɓangaren Ingilishi, malamai sun riƙa ba yara The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, wanda labarinsa a Arewa ya faru, da Chike and the River na Chinua Achebe. A Jamhuriyar Nijar kuwa, inda Faransanci ne harshen makaranta, sai a 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, littattafan Zariya kuma sun daɗe suna ƙetara iyaka a hannun 'yan kasuwa.

A Arewa kuwa, shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara fiye da yadda aka taɓa gani. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekarun farko na firamare. A takarda, wannan babbar dama ce ga littattafan yara na Hausa. Sai dai tattalin arziki ya juya baya a shekarun 1980, darajar naira ta faɗi bayan 1986, takarda ta yi tsada. Kamfanoni suka karkata ga littattafan da ke cikin manhaja da na jarrabawa, tunda su ne ke da tabbacin ciniki. Ɗakunan karatu na makarantu suka tsufa ba sabon zubi. A makarantu da yawa malami ne kaɗai ke riƙe da littafi, yana kwafe darasin a allo, yara na bin sa da baki.

A wannan giɓi ne adabin kasuwar Kano ya taso. Marubuta suka riƙa buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, ana sayarwa a kasuwa, ana kuma ba da haya a shaguna. Littattafai irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino sun samu karɓuwa mai yawa, sun kuma koya wa dubban mata da matasa karatun Hausa. Amma don samari da 'yan mata da matan aure aka rubuta su. Yarinya 'yar aji shida da ta gama littattafan makaranta ba ta da na tsararta, sai ta ɗauki na yayarta. Daga nan muhawara ta tashi tsakanin iyaye da malamai da marubuta, aikin zaɓe ya rikiɗe ya zama na hani. A Kano abin ya kai ga ƙona wasu littattafan da aka ƙwace daga hannun ɗalibai a 2007.

Daga tsakiyar shekarun 2010 hankali ya dawo kan matakin farko, bayan gwaje-gwajen karatu sun nuna cewa yara da yawa a ƙananan azuzuwa ba sa iya karanta kalmar Hausa ko guda. Da tallafin hukumomin ƙasashen waje aka samar da jerin Mu Karanta a jihohin Bauci da Sakkwato, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, duka don aji ɗaya zuwa uku. Tsarinsu ya ginu a kan sautin harafi, sai gaɓa, sai kalma, sai ɗan gajeren labari, tare da jagoran malami da ke bayyana darasin kowace rana.

Ma'aunin da masu zaɓe suka yi aiki da shi tun zamanin allo bai sauya sosai ba: harshen da yaro ke ji, tsawon da zai iya ɗauka, tarbiyyar da iyaye za su yarda da ita, da labarin da zai riƙe shi. Inda aka fi samun rauni a yau shi ne tsakiya, wato yaro ɗan shekara tara zuwa goma sha uku, wanda ya wuce littafin koyon baƙi amma bai kai ga na manya ba. Mafi yawan abin da malamai da iyaye ke iya miƙa masa da Hausa har yanzu littattafan da aka rubuta ne tsakanin shekarun 1930 da na 1970.