Yadda Iyayenmu Suka Ji Labarin Yaƙin Hitila



Yau mu kan kunna rediyo mu ji abin da ya faru a duniya tun kafin shayi ya tafasa. A 1939 ba haka ba ne. Gidan rediyon Nijar sai a 1958 aka buɗe shi, BBC ma sai a 1957 ta fara magana da Hausa. To, ta yaya iyayenmu suka san yaƙi na tafe?

Hanya ta farko ita ce bariki. Labari ya kan zo ma kumandan ta waya, tafinta ya tsinci abin da ya tsinta, gardi ya kai fadar sarki. Kafin ya iso ƙauye ya sha hannu.

Ta biyu ita ce kudu. Fatake da masu kai gyaɗa Kano da Katsina su kan komo Maraɗi da Damagaram da labari a baki. A watan Janairu 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam ne editanta. In ɗaya ta ƙetaro iyaka, sai a nemi mai boko ya karanta, jama'a su kewaye shi.

Ta uku su ne tsofaffin sojan yaƙin 1914 zuwa 1918. Su suka ga Jamus da idonsu, don haka su ake tambaya ma'anar abin da aka ji.

Amma uwa ba ta jiran jarida. In ta ga an matsa ma mai gari ya kawo samari a duba lafiyarsu, ta gane. Shi ya sa waɗansu samarin suka sulale cikin dare zuwa ƙasar Ingilishi.

Ran 1 ga Satumba 1939 Jamus ta faɗa ma Polan, ran 3 Faransa da Ingila suka ɗaura yaƙi da ita. Gero na gona, ba a kai ga girbi ba. Bayan faɗuwar Faransa a watan Yuni 1940 aka tsare iyakarmu da Najeriya, hanyar kudu ta ƙuntata, jita-jita ta yi yawa.

Ku da ke Yamai, Kano da Abijan, yanzu ku ne fataken labari. Ku riƙa aiko ma tsofaffi abin da kuka tabbatar kawai, don ƙarya ɗaya ta kan hana gida guda barci.

Allah shi kiyashe mu da ganin yaƙi, amin.