Riƙo a Dumega: Wa Ke Waiwayar Ɗan da Aka Bayar?

A Dumega, kamar sauran garuruwan ƙasar Arewa, da wuya maraya ya rasa wurin kwana. Goggo ko kaka ko kawu ne ke ɗaukarsa riƙo. Wani ma iyayensa na raye: ɗan fari ne da ake jin kunyarsa, ko ɗan kwaleji da aka sauke gidan dangi a Tibiri ko Dogon Dutsi, ko kuwa aure ya mutu uban yana ci-rani a Najeriya. Wannan al'ada ta riƙe yaran da gidajen marayu ba za su taɓa iya ɗauka ba.

Rauninta yana bayan an miƙa yaron. Uwar da ta ba yayar mijinta ɗiya ba ta da bakin tambayar ko ana kai ta lakwal, domin tambayar kanta zargi ce. Sai ka ga ƴar riƙo da farantin talla a ka tun da hantsi, ƴaƴan gida sun wuce da jakunkunansu, takardar haihuwarta kuwa tana can ƙauye cikin adakar kakarta. Maƙwabta na gani, suna shiru don gudun ɓata zumunci.

Ba a rasa doka ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1990, ta sabunta dokar alƙalan yara a 2014, sannan a 2019 ta kafa kwamitocin kare yara har matakin ƙauye. Sai dai magana ba ta isa gaban alƙali sai ɓarna ta riga ta auku.

A ganina aikin kwamitin ya kamata ya soma tun ranar bayarwa. Niyu Zilan ta sa taron dangi cikin dokarta a 1989, bisa al'adar ƙabilar Mawori ta can: dangi su tsara makomar yaro, hukuma ta duba ta amince. Mu taron muna da shi, shaida ce babu. Idan mai gari da liman da malamin lakwal suka zauna da ɓangarorin biyu, aka faɗi wanda zai ɗauki kuɗin magani da karatu, aka naɗa dattijuwar da za ta riƙa leƙawa tana ganawa da yarinyar ita kaɗai, tambayar da kunya ta hana uwa yi ta samu mai yinta, uwar riƙo kuma ba za ta ce an ci fuskarta ba tunda a gabanta aka yi sharaɗin.