Shafin Intanet Na Ƙaramin Ɗan Kasuwa: Wa Ya Mallake Shi, Kuma Me Duniya Ke Gani?

'Yan'uwa da dama a Agege, Sabon Ibadan da Ama Hausa ta Owerri suna sarar kayan Maiduguri: turaren wuta, humra, hular zanna da bandar kifi daga Tashar Baga. Yawancin wannan ciniki yanzu a waya ake ƙulla shi, shi ya sa kowa ke neman a buɗe masa shafi. Na tattara abubuwa uku da ya kamata mutum ya sani kafin ya biya ko sisi: mallaka, ƙaura da sirri.

Me ya sa Maiduguri?

Domin garin ya ga yadda hanyar ciniki ke yankewa dare ɗaya. A watan Mayun 2013, bayan dokar ta-ɓaci, an katse layukan waya a Borno har tsawon watanni. Ranar 26 ga Fabrairun 2023 gobara ta cinye kasuwar Monday Market. Ranar 10 ga Satumbar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga kasuwar da unguwanni irin su Gwange. Wanda duk lambobin kwastomominsa ke cikin waya ɗaya ko littafi ɗaya, asararsa biyu ce: kaya sun tafi, masu saye ma sun ɓace.

Shafukan sada zumunta ma ba tabbas. Gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga 5 ga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook, WhatsApp da Instagram sun ɗauke na kusan awa 6. Shafinka a can rumfar aro ce, mai ita zai iya rufewa ba tare da ya ji ta bakinka ba.

Na ɗaya: mallaka

Shafin intanet abu uku ne. Akwai suna, wato adireshin da ake bugawa a same ka. Akwai masauki, wato kwamfutar da kake haya a ajiye shafin. Sai kayan ciki: hotuna, farashi da bayanan masu saye.

Sunan shi ne jigo. Masu ƙarewa da .ng ko .com.ng suna ƙarƙashin hukumar NiRA, wadda aka kafa a 2005, kuma ta hannun dillalanta masu lasisi ake yin rajista. Masu .com kuwa dokokin ICANN suke bi. A duka biyun ba a sayen suna a mallake har abada, haya ce da ake sabuntawa shekara-shekara. Idan wa'adi ya wuce ba ka biya ba, bayan ɗan lokacin uzuri wani zai iya ɗauka.

A nan ne ake yawan cin mutane. Ka ba wani yaro kuɗi ya haɗa maka shafi, sai ya yi rajistar da sunansa da imel ɗinsa. To malam, a takarda shi ne mai shi. Ranar da kuka saɓa, ko ya sauya layi, ko ya bar gari, ba ka da hujja. Shawarata ita ce ka buɗe imel na kasuwanci da kanka, a yi rajistar da shi a gabanka, ka biya daga asusunka, ka riƙe rasit. Mai haɗa shafi a ba shi mabuɗin aiki kawai, wanda za ka iya karɓewa.

Ka kula da layin da lambar sirri ke shigowa. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi, kamfanin waya kan sake sayar da shi ga wani.

Na biyu: ƙaura

Tambayar da nake so kowa ya yi kafin ya biya ita ce: in na tashi tafiya, da me zan fita? Shafin da aka gina da WordPress ana iya kwashe shi dungurungum a kai wani masauki. Na Wix kuwa a kan injinansu kaɗai yake aiki, in za ka bar su sai ka sake gini. Wannan ba aibi ba ne in ka shiga da saninka, don suna da sauƙin amfani.

Sunan ma ana iya mayar da shi hannun wani dillali. Za ka nemi lambar izinin ƙaura daga wanda kake wurinsa, ka miƙa wa sabon. Ga masu .com, ba a yarda da ƙaura ba sai an cika kwana 60 da yin rajista.

Dabara biyu. Ka raba ƙafa: suna a wani kamfani, masauki a wani, don rigima da ɗaya kada ta cinye duka. Sannan kowane wata ka sauke kwafin shafin da jerin masu saye, ka ajiye a wuri biyu. In kana Legas, abokin cinikinka na Maiduguri, kowa ya riƙe kwafi.

Na uku: sirri

Wanda ya zauna a Borno ya san dalilin da ɗan kasuwa ba ya son a san gidansa. Mu ma a kudu mun sani, musamman lokacin da hankula suka tashi. Ga mata masu haɗa turare a gida abin ya fi muhimmanci.

Amma mu faɗa wa juna gaskiya: ba ka iya ɓuya wa hukuma. Tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN, asusun banki na da BVN, kuma kamfanonin karɓar kuɗi irin su Paystack da Flutterwave sai sun tantance ka. Rajistar CAC ma kowa na iya bincika sunan kasuwanci ya ga bayanansa. Abin da ke hannunka shi ne rage abin da jama'a ke gani.

Bayanan mai rajistar suna na shiga kundin da ake kira WHOIS. Tun 2018 dillalai da yawa ke rufe su, amma kada ka ɗauka haka kawai, ka tambaya, sannan ka duba da idonka. Kada ka sa sunan ƙarya don ɓuya: ana iya dakatar da sunan, kuma ranar rigima ba za ka iya tabbatar da cewa naka ne ba.

Ka sa adireshin shago maimakon na gida, ka ware layin kasuwanci daban. Ka kashe alamar wuri a kyamarar wayarka kafin ɗaukar hoton kaya, kuma kada ƙofar gida ko yara su fito. Kada ka wallafa ranar da motar kayanka za ta taso daga Maiduguri.

Sai dai ɓuya in ta yi yawa tana korar ciniki. Mutumin Fatakwal ba zai tura kuɗi ga wanda ba suna ba shago ba. Sunan kasuwanci mai rajista da asusun banki mai wannan sunan sun ishe shi shaida, ba sai ya ga fuskarka ba.

Bayanan masu saye kuma amana ce. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora maka nauyin tsare su, don haka kada ka zuba lambobinsu a guruf.

Kafin ka biya

Ka tabbata sunanka ne a rajista, imel da layin naka ne, ka san ranar sabuntawa, kuma kwafin shafin yana hannunka. A ƙarshe ka rubuta kalmomin sirri a takarda, ka sanar da mutum ɗaya amintacce inda take. Rai na Allah ne, kada sana'ar iyali ta kulle a cikin waya. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.