Tarihin Kabalu da Sadalu a Zangunanmu



Kwanan baya, bayan an tashi daga wani zaman sulhu a zauren Maigida, wani matashi ɗan jami'a ya tsaya yana taya ni tattara takardu. Sai ya ce: "Baba, kakanninku sun ce abu kaza ne daidai, iyayenku suka ce a'a, ku kuma kun zo da na uku. Ashe ke nan kowane zamani da tasa gaskiyar?" Ban amsa masa a ranar ba. Na ga ya fi kyau in ba shi tarihi, tarihin inda mai salla yake ajiye hannayensa.

Hausawan da suka biyo hanyar fataucin goro zuwa Gwanja suka zauna a Salaga sun zo da mazhabar Malikiyya da littattafanta, tun daga Ahalari da Ishmawi da Risala har zuwa Muhtasar na Halilu. Da yaƙin basasar Salaga ya tarwatsa garin a 1892, suka bazu zuwa Kete Krachi da Yeji da Kumasi da bakin teku, kowane malami da gafakarsa. Sallarsu kuwa sadalu ce, wato sakin hannaye a tsaye. Ba da ka suke yi ba. Hujjarsu tana cikin Mudawwana, inda Ibnul Ƙasim ya ruwaito cewa Imamu Malik bai so a riƙe hannu a sallar farilla ba, kuma a kan haka Muhtasar ya tafi.

Ana nan sai ga Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, wanda aka haifa a 1900. Ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin Hajji na 1937, daga Kano kuma Failar Tijjaniyya ta yaɗu cikin Hausawa. A 1952 Shehun ya ziyarci Kumasi. Almajiransa suka kama kabalu, wato ɗora hannun dama a kan na hagu. Shi ma ɗan Malikiyya ne, hujjarsa kuma tana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, inda aka ware babi a kan ɗora hannu bisa hannu a salla. Ya wallafa littafi mai suna Raf'ul Malam domin kare wannan ra'ayi.

Dattawa ba su karɓi abin da sauƙi ba. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya gaya mini cewa ranar da kakana ya fara ganinsa da hannu a ƙirji, sai da ya yi wata guda bai ci tuwo tare da shi ba. A arewacin Nijeriya lamarin ya fi haka muni, domin a lardin Sakkwato rikicin 'yan kabalu da 'yan sadalu ya kai ga zubar da jini a 1965.

Kafin wannan ƙura ta lafa, wata ta taso. A Tamale, Afa Ajura da makarantarsa ta Anbariyya suka tashi suna sukar wuridi da wazifa. Ɗaliban da suka yi karatu a Madina suka dawo da irin wannan kira, aka kuma kafa Izala a Jos a 1978. Abin mamaki shi ne, waɗannan masu adawa da ɗariƙa su ma kabalu suke yi. Alamar da a jiya take nuna ɗan Faila ta zama ta kowa. Yau idan tsoho ya saki hannunsa a wani masallaci na Nima ko Aboabo, akwai yaran da za su zaci ɗan Shi'a ne, alhali sallar kakanninsu yake yi.

To, ɗana, dubi abin da ya sauya. Riwayoyin nan biyu suna cikin littattafai tun ƙarnonin farko, Imamu Malik kuwa ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira. Babu wadda zamani ya ƙirƙira, babu wadda ya shafe. Kowane zamani ya riƙe guda ɗaya ne, ya ɗauka ita ke nan duka. Malaman usulu sun raba hukunci gida biyu: wanda hujjarsa yankakkiya ce, da wanda aka gina a kan rinjayen zato. Kashi na biyu yana ɗaukar saɓani, a cikinsa kuma ajiye hannu yake, domin sallar mai kabalu da ta mai sadalu duka ingantattu ne. Kashi na farko kuwa bai motsa ba. Daga Salaga zuwa yau alƙibla guda ce, Magariba raka'a uku ce, jinin Musulmi haramun ne.

Nan ne amsar tambayarka take. Wanda ya zubar da jini a kan mustahabbi a 1965 ya yi kuskure tun a ranar da ya yi, ko da dukan garinsu sun yaba masa. Shekarun da suka shuɗe sun buɗe mana ido ne kurum muka gane. Da a ce kowane zamani da tasa gaskiyar, da ba mu da bakin cewa ya yi laifi.

Mu ma jikokinmu za su zauna su duba abin da muka yi faɗa a kansa. Saboda haka kafin ka ƙaurace wa sahu, ko ka hana auren 'yarka saboda masallacin da saurayinta yake zuwa, je ka tambayi malami a wane kashi mas'alar take.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, masu kabalu da masu sadalu, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta. Allah Shi ne Masani.