Ina mafarin takardar izinin gini?

Ɗan'uwa mai karatu, in Allah ya sa albarka a gonarka, ko ɗanka ya aiko da kuɗi daga ci-rani, wataƙila za ka so ka gina ɗaki biyu a Maradi, ko Damagaram, ko Tawa. Ka sayi fili, ka tara birgi, ka yi ciniki da magini. Ana cikin haƙa tushe sai ga ma'aikacin meri ya tsaya, ya ce: "Ina permi?" Permi ita ce takardar izinin gini. In babu ta, ana iya tsai da aikin, a ci ka tara. Mutane da yawa sukan ce: filina ne, kuɗina ne, me ya kawo takarda? Tambayar tana kan hanya. Amsarta tana cikin tarihi, kuma rabin amsar a Maradi take.

A zamanin kakanninmu ma ba a gini haka kawai. Baƙo in ya zo gari yana son zama, sai mai masaukinsa ya kai shi wurin mai unguwa, mai unguwa ya kai shi wurin mai gari. A nuna masa wuri, a taka iyaka da ƙafa gaban dattawa, a kafa dutse ko a dasa itace. Ya ba da goro. Shi ke nan, izini ya samu. Ba a rubuta kome ba, amma mutum goma sun gani, kuma ƴaƴansu za su ji. Dattawan nan sun san ƙasarsu. Sun san inda ruwa ke kwanciya da damina, sun san burtalin shanu, sun san tsohuwar maƙabarta. In ka nufi wurin da bai dace ba, tun ba ka kwaɓa ƙasa ba wani tsoho zai ce maka: "Yaro, nan hanyar ruwa ce."

A manyan biranen ƙasar Hausa abin ya fi haka tsari. Magina suna da sarkinsu, shi ke duba aikinsu, shi ke tara su in ganuwa ta tsage. A Damagaram, Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye Birni da ganuwa. Fatake kuwa a Zango suke sauka, wajen ganuwa. Alƙali ma yana da ta cewa. Ba ka juya indararonka ya zuba cikin gidan maƙwabci. Ba ka buɗe taga kana hangen iyalin wani. Ba ka cinye hanya da katangarka. Ka ga izini ba Nasara ya kawo shi ba. Abin da ya kawo takarda ce.

Faransawa sun shiga Damagaram a 1899. Can ne mazaunin mulkinsu daga 1911 har 1926, sa'an nan suka mai da babban birni Yamai. Tun 1904 suka yi doka a ƙasashensu na Afirka ta yamma cewa duk ƙasar da ba ta da mai ita ta gwamnati ce. Kai manomi ka san babu irin wannan ƙasa. Saurar da aka bari ta huta shekara bakwai tana da mai ita, dajin kiwo ma yana da masu shi. Amma mai ita a wurin Nasara shi ne wanda sunansa ke cikin littafi. Littafin nan an kafa shi da dokar 1906, aka sabunta shi a 1932. Wanda aka rubuta filinsa ciki sai a ba shi takarda mai ƙarfi, titir fonsiye, wadda har yau ita ce uwar takardun fili.

Wa ke samun ta a lokacin? Kamfanonin Turawa, da manyan ƴan kasuwa masu ginin dutse da siminti. Talaka kuwa takardar zama ake ba shi. Ma'anarta: an yarda ka zauna nan, amma ƙasar ba taka ba ce. Ran da kwamanda ya so wurin, sai ka tashi. Don haka in ka ji tsofaffi suna tsoron takarda, kada ka yi musu dariya. Sun ga ranar da takarda ta tashi unguwa.

A Yamai an raba gari biyu, unguwar Turawa bisa tudu, ta baƙar fata a ɗaya gefen kwarin Gunti Yena. A 1935 gobara ta cinye bukkoki masu yawa. Sai hukuma ta ce a bar bukkar ciyawa a tsakiyar gari, a yi ginin ƙasa, kuma a jera gidaje bisa layi, da hanya mai faɗi tsakaninsu don kada wuta ta yi tsalle.

Yanzu mu zo Maradi. Wanda ya san Maradi ta yau, bisa tudu, da titunanta miƙaƙƙu, zai ce haka aka kafa ta. Ba haka ba ne. Katsinawan da suka baro Katsina bayan jihadi, wajen shekara 200 da suka wuce, a cikin kwarin gulbi suka zauna. Suna da dalili. Zamanin yaƙi ne, kurmin kwarin yana ɓoye su daga dawakin abokan gaba, ga ruwa kusa, ga fadama mai albarka. Suka yi ganuwa, gidaje suka matsu cikinta, lunguna suna karkacewa yadda suka ga dama. Fiye da shekara 100 gari yana nan.

A daminar 1945 gulbi ya cika ya tumbatsa, ya shiga gari. Ginin ƙasa in ruwa ya kwana a gindinsa ba ya gardama, zama yake yi. Gidaje suka rushe, babban sashe na gari ya lalace. Hukumar Nasara ta ce ba za a sāke gini a kwari ba, kowa ya hau tudu. Masu awon ƙasa suka ja igiya, suka yanka tudun gida-gida, kowane da kusurwa huɗu, suka bar wurin fadar sarki da wurin kasuwa. Unguwanni suka hau da sunayensu: Bagalam, Maradawa, Ɗan Gulbi, Ƴandaka. Sunan Ɗan Gulbi kaɗai ya isa ya gaya maka inda mutanen suka fito.

Ka yi tunanin mutumin da aka haifa a kwari, aka binne ubansa can, aka ce masa ya bar kangon gidansu ya tafi inda igiya ta nuna. Da ciwo. Kuma ba shawararsa aka nema ba, umurni ne. Nasara ma yana da tasa riba: garin da ke bisa layi ya fi sauƙin ƙirga, ya fi sauƙin karɓar lampo, motocin gujiya kuma suna shiga ko'ina. Duk da haka, ni a ganina hawan tudun nan alheri ne. Daga ranar nan, a Maradi, ba dattijon unguwa kaɗai ke cewa "gina nan" ba. Sai an duba zanen gari, an ga lambar fili.

Da mulki ya dawo hannun ƴan ƙasa ba a jefar da tsarin ba. Ran 11 ga watan Yuli 1959, shekara guda kafin samun ƴancin kai, gwamnatin Nijar ta yi dokar filayen gwamnati. Hukuma ta auna wuri, ta fid da hanyoyi da wurin lakwal da kasuwa, ta yanka sauran. Wannan shi ne lotisma, kowane yanki kuma parsel. Wanda aka ba parsel sai ya raya ta cikin lokacin da aka yanka masa, in ba haka ba ana iya karɓe ta. A cikin shekarun 1960 aka buɗe masana'antar siminti ta Malbaza. Ginin siminti da kwano ya yawaita, har da bene. Bene kuwa in ya faɗi ba mai shi kaɗai yake dannewa ba. Nan ma ga wani dalilin duba zane kafin a fara.

Amma gari ya fi igiya sauri. Farin 1973 da na 1984 sun koro mutanen karkara zuwa birni. A ƙidayar 1977 Maradi tana da mutum wajen dubu 45. A ta 2012 sun wuce dubu 260, Yamai kuwa ta kai miliyan guda. Ina duk waɗannan za su kwana? Sai su tafi bakin gari, wurin mai gona, ya yanka musu gefe, mai gari ya sa hannu a takardar ciniki. A nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami, don haka ka karanta wannan sannu. Takardar mai gari shaida ce cewa ka saya, ka biya. Ba ta ce wurin yana cikin lotisma ba. Ran da masu awo suka iso, ana iya samun titi ya bi ta tsakiyar ɗakinka. Wani wurin kuma mai gona ya sayar da shi da araha ne don ya san tafki ne da damina. A Yamai akwai unguwar da aka gina haka cikin kwari, sunanta ma Peyiba, wato ƙasar da ke ƙasa-ƙasa.

Ba zan ɗora wa talaka laifin duka ba. A farkon shekarun 2000 gwamnati ta biya ma'aikata bashin albashinsu da parsel. Filaye suka zama haja, mai kuɗi ya sayi goma ya kewaye ya bar su, mai neman wurin kwana ya rasa. Zanen da ake nema wurin mai zanen gini kuma, wani lokaci kuɗinsa ya kusa na ɗakin ƙasar da za a gina. Shi ya sa gidajen ƙasa masu yawa a biranenmu ba su taɓa ganin permi ba.

Ruwa dai bai manta hanyarsa ba. A watan Satumba 2020 kogin Kwara ya fasa madatsa a Yamai, ya shiga unguwannin bakinsa. A daminar 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, jihar Maradi na cikin waɗanda suka fi shan wuya. A Damagaram tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa mai shekara fiye da 150, ya rushe a farkon Satumba na shekarar. Permi ba ta hana sama zubar da ruwa. Abin da take iyawa shi ne ta sa wani ya dubi wurin tun ba ka zuba kuɗinka ba, kamar yadda tsohon nan na dā yake yi.

A 2017 aka yi sabuwar dokar tsarin birane, a 2018 aka yi ta gini da mazauni. Ƙofar da za ka ƙwanƙwasa ita ce meri ta garin da filin yake. Za ka kai takardar roƙo, da takardar fili, wato akt da sesiyon da hukuma ta bayar ko titir fonsiye, da zanen da ke nuna inda filin yake, da zanen ginin kansa. Masu dubawa za su ga ko ka shiga hanya, ko ka shiga na maƙwabci, da inda ka sa ramin salga. Kuɗin da ake biya ya danganta da gari da irin ginin. Duk abin da ka biya, ka karɓi rasit mai hatimi, ka adana shi tare da takardar fili inda gara ba ta kai.

Kai da ka koyi karatu, kada ka bar dillali ya karanta maka. Riƙe takardar da hannunka. Dubi sunan lotisma, dubi lambar parsel, ka tafi wurin ka nemo duwatsun siminti na kusurwa huɗu, ka tabbata filin da aka nuna maka shi ne na cikin takarda. Sa'an nan dubi sunan da ke sama. In sunan wanda ya sayar maka ne, ko na wanda ya sayar masa, ku tafi meri tare a juya shi zuwa naka tun yana da rai, tun magadansa ba su shigo maganar ba. Bayan haka ka nemi permi, sa'an nan ka kira magini.